Malam Iliyasu Ɗanbaba, Turken Talala

Haihuwa da nasaba

An haifi Malam Iliyasu Ɗanbaba a shekarar 1950 a garin Bunkure, ɗa na uku ga Malam Ɗanbaba, manomi mai kiwon awaki, da Malama Ummulkhairi, wadda ta yi suna wajen surfen shinkafa. Aikinsa na farko a duniya shi ne kafa turke a bayan gari da damina, ya ɗaure awakin mahaifinsa da doguwar igiya ta talala, su ci ciyawa su ƙoshi ba tare da sun taɓa shukar kowa ba.

Karatu

Ya fara da makarantar allo a zauren kawunsa, aka sa shi firamare a 1957, daga nan ya wuce makarantar gaba da firamare a Rano, inda ya kammala a 1969 da shaidar ladabi da kuma taurin kai, biyun duka a rubuce.

Aikin gandiroba da aure

A 1970 ya shiga aikin gandiroba. A 1974 ya auri Saude, 'yar wani maɗinki a Kura, wadda ita ce matarsa har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ya juya masa tunani ya faru a 1979. Wani manomi da aka ɗaure kan faɗan iyakar gona ya gama wa'adinsa, ya koma gida ya tarar an ba wani filinsa na rani, iyalinsa sun watse; kafin shekara ta zagayo ya dawo gidan yari, wannan karon da laifin sata. Malam Iliyasu ne ya buɗe masa ƙofa ya fita, shi ne kuma ya rufe ta a bayansa da ya dawo. A 1981 ya nemi izini ya tafi Kaduna karatun jin daɗin jama'a, ya dawo ya ajiye kakinsa, ya zama jami'i mai lura da waɗanda kotu ta yanke wa ɗaurin talala, wato mai laifi ya zauna a gidansa bisa sharuɗɗa, in ya saɓa ɗaya a kai shi kurkuku.

Zuwansa Kura

A 1996 aka turo shi Kura. Mutanen ƙauyukan noman rani ba su ɗauki ɗaurin talala hukunci ba, suna kiransa sakin wayo, har wani dagaci ya taɓa tambayarsa a bainar jama'a ina igiyar take. Ya amsa masa: "Ranka ya daɗe, igiyar tana nan, ba a ganinta ne. Ni ne turken." Daga ranar sunan Turke ya bi shi. Bai kasance yana zama ofis ya jira mutanensa su zo ba, sai dai ya hau babur ya same su a bakin kanal, wato babbar magudanar ban ruwa, domin a cewarsa halin manomi a ranar da ake sakar masa ruwa ake gani.

Shari'ar Sammani

A watan Fabrairun 2003, a wani yanki na gonakin rani tsakanin Kura da Kadawa, Sammani Uba, manomin tumatir mai 'ya'ya biyar, ya yi rigima da maƙwabcinsa Cornelius, mutumin Filato mai noman albasa, kan wanda ke da ranar ban ruwa a cikinsu, ya ɗaga ƙotar fartanya ya karya masa hannun dama. Alƙali ya yi niyyar ɗaure Sammani shekara uku. Malam Iliyasu ya miƙe ya roƙi a ba shi shi talala, ya ɗauki alhakinsa a wuyansa. Aka amince bisa sharaɗin kada Sammani ya taka gonar Cornelius, kada kuma ya yi masa magana, har wa'adin shekara ukun ya cika. In ya saɓa, zai yi shekara ukun cif a kurkuku, filinsa kuma ya koma hannun wani.

Abin da kotu ba ta sani ba shi ne, magudanar da ke shayar da tumatirin Sammani ta cikin gonar Cornelius ta bi, kuma datsin taɓon da ake farkewa ruwa ya wuce yana can tsakiyar albasarsa. Cornelius ya rantse babu ɗan gidan Sammani ko ɗan ƙwadagonsa da zai shigar masa gona, maƙwabta kuma kowa ya janye jiki. Malam Iliyasu ya koma wurin alƙali a sassauta sharaɗin, aka ce hukunci ya riga ya fita. Sai ya sayi shebur. Duk ranar ruwan Sammani, a rani biyu a jere, akan ga jami'in gwamnati mai furfura ya naɗe ƙafar wando, ya yi wa Cornelius sallama, ya shiga taɓo ya farke datsi, Sammani yana tsaye daga kan iyakarsa yana karkasa ruwan cikin fangalai. 'Yan kwandon tumatir suka riƙa yi masa ba'a, suna tambaya ko an rage masa muƙami ne zuwa lebura. Yakan ce musu an ƙara masa ne.

Rashin lafiya da ƙarar Baballe

A Janairun 2005 ƙaya ta soke shi a ƙafar hagu cikin ruwa, ga shi da ciwon suga, gyambon ya ƙi warkewa, aka kwantar da shi a asibiti a Kano daidai lokacin da tumatir ke fure. Ranar ruwa ta zo babu Turke. Baballe, ɗan baffan Sammani, wanda ya daɗe yana kwaɗayin filin, ya zo yana zuga shi da cewa taku kaɗan ne, babu mai gani. Sammani ya tsaya kan iyaka da fartanya a hannu tun hantsi, yana kallon ruwa yana wuce shi, bai tsallaka ba. Amma kafin la'asar fangalansa sun cika. Duk wanda ya bi ta wurin ya ga jiƙaƙƙiyar gona, ya san Turke yana asibiti, ya yanke cewa Sammani ya karya talala. Washegari Baballe ya kai ƙara, aka kama Sammani.

Da Sammani ya shaida wa kotu cewa Cornelius ne da kansa ya farke datsin, sai da aka tsawatar wa mutane saboda dariya. Cornelius kuwa ya ƙi zuwa, domin ba ya so a ce ya yafe. Malam Iliyasu ya sa hannu ya fito daga asibiti ba da son likita ba, ɗan acaɓa ya kai shi ƙofar gidan Cornelius, ya shimfiɗa buzunsa, ya miƙe ƙafar da ke naɗe da bandeji, ya ce nan zai yi jinya. Ya wuni, ya koma, ya sake dawowa. Roda, matar Cornelius, ita ta gaji, aka jiyo ta daga tsakar gida tana cewa: "Baban Linda, ƙafar dattijon nan za ta ruɓe a ƙofarmu saboda girman kanka? Ɗauki hularka!"

A gaban alƙali Cornelius ya ce: "Ranka ya daɗe, ni na buɗe, da hagu. Kada a ce tausayi ne. Ruwa ya taru zai kashe mini albasa." Aka tambaye shi ko Sammani ya roƙe shi, ya ce: "Wannan? Tsaye yake kamar an dasa shi, ko tari bai yi ba." Aka sallami Sammani ya ci gaba da talalarsa, Baballe kuma ya sha gargaɗi.

Ritaya

A watan Afrilun 2005 aka yanke ƙafar daga gwiwa. A Yuli ya cika shekara talatin da biyar yana aiki, ritaya ta wajaba, alhali saura wata bakwai a wa'adin Sammani. Ya nemi a bar masa wannan shari'a guda ba tare da albashi ba, aka ƙi, ya sake nema, aka ƙi, a karo na uku aka gaji da ganinsa a kan sanduna a bakin ofis aka amince. Ranin ƙarshe ya yi shi zaune a kan kujera a bakin kanal, Cornelius yana farke datsi, yana maimaita wa duk mai wucewa cewa don albasarsa yake yi.

A Fabrairun 2006 wa'adi ya cika. A harabar kotu Sammani ya nufi Cornelius, ya yi masa maganar farko cikin shekara uku: "Maƙwabci, yaya hannun?" Cornelius ya ce: "Yana buɗe ruwa."

Rasuwa

Malam Iliyasu Ɗanbaba ya rasu a gidansa da ke Kura ranar wata Talata a watan Maris na 2008, yana da shekara hamsin da takwas. Rasuwar ta faɗo ranar ruwan yankin su Sammani, kuma ba a san manomin rani da barin ruwansa ya tafi ko'ina ba. Duk da haka gonakin suka zama wayam, aka yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar garin, Sammani na cikin waɗanda suka shiga kabarin suka karɓe shi. Ba a ga Cornelius a wurin ba, har wasu suka fara magana. Sai da manoma suka koma da yamma suka tarar da shi cikin taɓo har gwiwa, shi da Roda, sun bi datsi ɗaya bayan ɗaya sun shayar da gonar duk wanda ya tafi jana'iza, har da gonar Baballe.

Ya rasu ya bar matarsa Hajiya Saude da 'ya'ya biyar: Ummulkhairi, malamar jinya a Garun Mallam, Uba, direban tarakta, Dattijo, malamin firamare a Bunkure, Sumayya, mai ɗinki a Kumbotso, da Ɗanbaba, autansu, manomin tumatir, wanda shebur ɗin ke hannunsa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa.