Na Ce Mata Lafiyarsa Lau

Da safen nan ina shan shayi a unguwar Tremont waya ta shigo: Mista Greg ya rasu. Jiya da rana motarsa ta daki ƙarfen gada. Shi yake tuƙi, shi kaɗai.

Shekara shida ni ne direbansa, kuma ba shi ya kamata ya riƙe sitiyarin nan ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon ɗan wasan hoki ne, wanda ake yi a kan ƙanƙara. A zamaninsa shi ake turawa idan faɗa ya tashi a fili. Haƙoransa na gaba duk na roba ne, yakan cire su a mota don ya ba ni dariya. Da ya daina wasa ya shiga ofishin kulob, yana yawon neman 'yan wasa, har ya kai shi ke cewa a ɗauki wane a sallami wane.

Bai taɓa bari na rasa Juma'a ba. Sha biyu na yi zai ce, "Sani, tafi masallacinka, zan hau tasi."

Bara abin ya fara. Ɗan wasan da shi da kansa ya kawo, sai ya manta sunansa. Muka koma kullum kafin mitin ina karanto masa sunaye a mota yana maimaitawa kamar hadda. Wata rana a kan titin Grand Concourse ya taɓa kafaɗata ya ce, "Ina za mu?" Gidansa za mu.

Ya ce min dukan da ya sha a ka lokacin wasa ne yake dawowa. Ya ce, "In ofis suka ji, na gama. Tsakanina da kai."

Na riƙe. Mu an raine mu da rufin asiri, har taƙama nake da shi.

Watan jiya matarsa ta tare ni a bakin gareji, ta kalle ni ido cikin ido ta ce, "Sani, kai ke yini da shi. Lafiyarsa kuwa?"

Na ce lafiya lau. Haka muke amsawa ko mutum na kan gadon asibiti. Ita kuwa ba gaisuwa take ba, tambaya take, kuma na sani.

Jiya na aje makulli a teburinsa zan tafi masallaci. Ya daɗe yana jujjuya shi a hannu, sannan ya ce, "Wannan na wace mota ce?" Na san bai kamata in bar masa shi ba. Na duba agogo, na ga zan rasa huɗuba, na fita.

Yanzu matar ta turo saƙo: in zo gida da la'asar, tana da tambaya ɗaya. Na san tambayar. Tsoro nake ji, wallahi, amma yau ba zan ce lafiya lau ba.

Ba musulmi ba ne, kada malaman intanet su taso min. Mutumin kirki ne, na ci arzikinsa.

Allah ka ba iyalinsa haƙuri, ka yafe min shirun da na yi, ka ba ni ƙarfin faɗin gaskiya. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa mu a addu'a kafin la'asar.