Azarar Rumfar Baba

Ekip ɗin ƙwallon unguwarmu a Buza ba ta da komai sai magoya baya. Da an gama yankan hatsi, duk saurayin da ya iya gudu sai ya hau mota ya tafi biɗa Abijan ko Libiya, a bar mu da masu ciwon gwiwa da wani tela da ke tsaron raga don ya ƙi jinin gudu. Mu sha kashi ran Lahadi, mu dawo wata Lahadin kamar ba mu ba. A garin da ke watsewa kowace shekara, filin nan ne kaɗai inda muke taruwa ba mutuwa aka yi ba.

Baba ya fi kowa wannan ciwo. Ragarmu ba raga, gwafanni ne da icce bisa, kuma iccen guda ɗaya ne. Na ɗaya gefen azarar rumfar gidanmu ce. Duk ranar wasa sai ya sauke zana, ya zare azarar, ya saɓa a kafaɗa, ya bar Inna da daka cikin rana.

Ranar da 'yan Kaita za su zo Inna ta tare shi bakin zaure.

"Malam, in anka ci ku yau, iccen ga ya gama zuwa fili. Tuwo zan dafa da shi."

Baba ya gyara azarar a kafaɗa, muka wuce. In ba azara, ba wasa, don ba baƙon da zai yarda da raga marar kai.

To, azarar nan ta tsufa ta yi ciki a tsakiya. Kullum Baba sama yake juya cikin, don adalci. Ran nan sai ya ɗora ta gefen telanmu, ya juya cikin ƙasa, ragar ta tsuke. "Allah shi gafarta mini, yau ɗai ne," in ji shi.

Wallahi ta yi aiki. 'Yan Kaita su buga, azara ta maido, su buga, ta maido. Aka je hutun rabin lokaci ba wanda ya ci wani. Ban taɓa ganin haka ba tunda nake. Baba ya riƙa zagayawa yana karɓar gaisuwa kamar an yi masa haihuwa.

Sai arbit, alƙalin wasa, ya busa, aka canza gida.

Mun manta, mu duka. Mu da kullum kafin hutu an riga an gama da mu, wa ke kula da wanda ya koma ina? Sauran wasan hirar albasa muke yi da zagin arbit.

Dab da tashi, ɗan gabanmu, wani malamin lakwal, makarantar boko, mai ɗingishi, ya tsinci kansa shi kaɗai gaban raga. Ya buga bugun da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Mun miƙe, telanmu har ya fara rawa. Ƙwallo ta daki cikin azarar Baba, ta dawo tsakiyar fili, 'yan Kaita suka kwashe ta suka zura wa tela yana tsakar rawarsa.

Baba ya saɓo azararsa, ba wanda ya ce masa sannu. Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi. Da muka shiga gida, da kansa ya kai ta bakin murhu ya ajiye, ya ɗauko gatari ya jingina.

Inna ta dube shi, ta dubi iccen.

"Wa yac ce ka aje shi nan? Maida shi bisa rumfa. Lahadi mai zuwa, in anka je hutu, ka tashi ka juya cikin sama. Shekara nawa kana kallo, ba ka san ana canza gida ba?"

Baba ya ɗauki azarar ya nufi rumfa. Sai a lokacin na lura da turminta kife a gindin katanga, daidai inda ake hango fili, da sawun ƙafarta a kansa.