Muryata Ce Ta Kai Su Dutsen Ƙanƙara

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ka ba ni fili in fitar da abin da ya daɗe yana ci mini rai, amma a sakaya sunana. Ni haifaffiyar Jidda ce, a unguwar Nuzla na tashi, kakanninmu aikin hajji ya kawo su suka zauna. A lokacin da wannan abu ya faru lalle nake yi wa amare, kuma babu gidan biki a unguwarmu da ba a san ni ba. Hausa ta zauna a bakina fiye da sa'o'ina, don haka duk sanarwar da ake son ta kai ga mata, ni ake ba wa in ɗauka da murya a tura a waya. Idan na ce abu kaza ne, mata ba sa sake tambaya, ni kuwa ina jin daɗin hakan ƙwarai.

Mijin yayata yana da maktab, wato ofis, na shirya tafiye-tafiye. Shi yana da takardar zama ɗan ƙasa, shi ne kuma kafilin mijina, wato wanda ya tsaya masa a takardun zama, mijina kuma yana yi masa direba. Wata shekara ya shirya kai iyalai wani wurin shaƙatawa a wata ƙasa mai sanyi, kan dutse, inda ake wasan zamiya a dusar ƙanƙara. Ya zo gidana da kansa, yana karanto bayanin daga wayarsa da Larabci, ina juya shi da Hausa ina ɗauka. Ya ce ƙanƙara ta rufe ko'ina har ƙarshen sanyi, akwai fili shimfiɗaɗɗe na 'yan koyo, akwai mace mai koya wa mata, sannan akwai ƙaramin asibiti da likita a gindin masaukin. Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa, ya ce ba sai ya je ba, duk yana rubuce a shafin wurin na intanet har da hotuna. Na ɗauka na tura. Mutanen da suka tashi a zafin Jidda ba su taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firji, nan da nan kujeru suka cika.

Da ni aka tafi a rukunin farko, tare da wata ƙawata tun ta yarinta, wadda mijinta ya rasu take riƙe da 'ya'yanta da girkin biki. Ba ta taɓa fita ko'ina ba, ni na matsa mata. Tun daga mota na ga abin bai yi kama da hotunan ba. Ƙanƙarar tsilli-tsilli ce, duwatsu baƙaƙe sun leƙo ta ko'ina. Filin 'yan koyon an ɗaure shi da igiya an rufe, mace mai koyarwa kuwa ba wanda ya taɓa jin labarinta. Wanda maktab ya haɗa mu da shi ya ce ba komai, yalla mu je, ga wani gangare mai sauƙi. A wannan gangaren ƙawata ta zame, ta kasa tsayawa, ta daki dutse da ƙugunta. Muka ruga neman asibitin, aka nuna mana wani ɗan ɗaki a kulle, da aka buɗe ba komai ciki sai akwatin bandeji da bargo. Muka rufa mata bargon muna jiran motar asibiti ta hawo daga gari. Haƙoranta na kaɗawa ta kama hannuna ta ce, "Ina likitan da kika ce?" Na ƙara ja mata bargon.

Da muka dawo na tafi maktab na ce wa mijin yayata a janye tallan, tunda wani rukunin yana shirin tafiya. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce ƙanƙara ta Allah ce, ba shi ke saukar da ita ba, filin gyara ake yi masa, ɗakin da na gani kuma ai shi ne asibitin. Na ce asibiti ba likita? Ya ce in fita masa daga ofis, ƙaddara ce ta sami matar. Na koma gida na ɗauki sabon saƙo na faɗi abin da idona ya gani ɗaya bayan ɗaya, ban zagi kowa ba, ban ma ambaci sunansa ba. Na roƙi duk mai niyyar tafiya ya bincika tukuna.

Kafin la'asar yayata ta iso ƙofata ko sallama babu. Ta kira ni butulu, ta ce a gidanta mijina yake cin abinci amma na ɗaga hannu na kifar da tukunyar. Aka tara mu a gaban mahaifiyarmu. Nan mijin yayata ya buɗe shafin wurin ya zagaya da wayar kowa ya gani. Wallahi ba maganar likita a ciki, wurin taimakon gaggawa kawai aka rubuta, kuma ba maganar mace mai koyarwa. Ko masu wurin ne suka sauya bayan abin ya faru, ko shi ne ya ƙara gishiri ranar da yake karanta mini, har yau ban sani ba. Ya dube ni ido cikin ido ya ce shi bai taɓa faɗar haka ba, ni ce na ƙara don saƙona ya yi armashi. Ba ni da shaida, domin da baki ya karanto mini, abin da ya rage a wayoyin mutane kuma muryata ce. Ya ce ko in fito in ce ƙarya na yi a saƙo na biyu, ko ya kai ƙarar ɓata suna, iƙamar mijina kuma, wato takardar izinin zamansa, in nemi mai sabunta ta. Mahaifiyarmu tana kuka tana cewa in janye a zauna lafiya. Matan da muka tafi tare, waɗanda suka taya ni rufa wa ƙawata bargo, na bi su ɗaya-ɗaya, kowace ta ce mijinta ya hana ta shiga rigimar dangi.

Mijina ne ya ce kada in janye, tunda gaskiya na faɗa. Yawancin 'yan rukuni na biyu suka fasa, shi kuma mijin yayata ya cika rabin alkawarinsa. Bai kai ƙara ba, amma ya sallami mijina. Watanni yana zaune a gida yana bin mutane neman sabon kafili, kafin ya sami aikin lodi a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, mutumin da bayansa ke ciwo. A ɗaya gefen 'yan'uwan ƙawata suka tare ni a hanya suka ce ba ruwansu da maktab, ni suka ji, ni suka sani. Waɗannan suna cewa na yi ƙarya a saƙon farko, waɗancan suna cewa a na biyu na yi. Amaren da suka kama ni lalle suka dinga bugowa suna ba da uzuri. Yayata ta raba mana ranakun zuwa gidan mahaifiyarmu don kada mu haɗu.

Ƙawata ta tashi, amma da sanda take tafiya, ba ta iya tsayuwa kan tukunya, babbar 'yarta ta bar karatu ta karɓi girkin. Na je gaishe ta ba sau ɗaya ba. Zuwana na ƙarshe yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa ta ce Umma tana barci, alhali ina jin tarinta da motsin sandarta a tsakar gida. Na ajiye abin da na kawo na juyo, ban sake komawa ba, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da na koya shi ne, rubutun da ke shafi mai shi yana iya sauya shi duk sa'ar da ya ga dama, hoto kuma ba ya faɗa maka shekarar da aka ɗauke shi. 'Yan'uwana, musamman ku da jama'a suka yarda da bakinku, kada ku tallata wurin da ƙafarku ba ta taka ba, ko da ɗan'uwa ne ya roƙe ku, ko da shi ke riƙe da takardunku. Ku kuma masu tafiya, ku nemi wanda ya je ya dawo, ku tambaye shi ina za a kai ku idan kun faɗi. Ranar da abu ya lalace, mai shafi zai goge nasa, mai maktab zai rantse bai faɗa ba, kai da ka buɗe baki kai za a nuna wa yatsa. Allah Ya ba ƙawata lafiya, ni kuma Ya yafe mini.