Ranar da Michiru Ta Tare Buta

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba agogo ke tashin Michiru Urakawa, amma sai biyar saura kwata take iya sauke ƙafa ƙasa. Lokacin da ke tsakani na lallashin gaɓoɓi ne. Gwiwar hagu ce ke fara yarda, sai ta dama. Wuya shi ne babban ɗan gardama, sai an ɗora masa tawul mai zafi kafin ya juya. Daga nan ta ɗumama miyar miso ta waken soya da ta kwana, ta dunƙula shinkafa biyu ta naɗe, sannan ta tsaya gaban firiji tana karanta takardun da ta liƙa da hannunta. "Kashe gas." "Maganin Mama, fari da safe." "Laraba akwai atisaye." In ta gama sai ta hau keke ta gangara bakin teku, masana'antar da take yanka kifi tun tana 'yar shekara goma sha takwas.

Haka ta yi shekara ashirin da biyu, kifi da safe, ƙwallon zari-ruga da yamma. Watan jiya ta ajiye wasa tana da shekara arba'in. Ba ta taɓa sa rigar ƙasar Japan ba, ba ta taɓa ɗaga kofi ba, kuma in ka fita daga wannan lungu namu na Nagasaki ba wanda ya san sunanta. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna rubutu, ko da yake na san in ta gani za ta ce na cika surutu.

A layin gaba take, lamba uku. Idan mata takwas suka sarƙe kafaɗu suka sunkuya suka kara da takwas na can, a wuyanta nauyin kowa ke sauka. Ba a tafa wa mai wannan aiki, don ba a ma ganinta. Ni na yi shekara tara ina tura ta daga baya, na san bayanta fiye da fuskarta, kuma ban taɓa jin ya ja da baya ba sai in ƙasa ce ta zame. Kunnuwanta sun murɗe sun dunƙule kamar busasshen naman kaza. Yaran unguwa kan roƙe ta su taɓa, ita kuma ta durƙusa musu.

Ke ce kika riƙe ƙungiyar nan, Michiru, a shekarun da muka ragu zuwa goma sha ɗaya, aure ya ɗauke wasu, aiki a birni ya ɗauke sauran. Ke ce kika bi makarantu da asibiti kina tare 'yan mata a bakin ƙofa kina tambayarsu ko sun iya gudu. Ke ke zana layin fili da farar ƙasa, ke ke tuƙa motar ƙungiya awa huɗu zuwa wasa, ki yi turereniya minti tamanin, ki tuƙo mu gida muna ta barci a baya. Ba mu taɓa tambayarki ko kin gaji ba. Mun ɗauka irinki ba sa gajiya, kuma wannan sakarcinmu ne.

Amma ba don waɗannan kaɗai nake wannan rubutu ba. Maganar buta ce.

Duk wanda ya tashi a bakin filin zari-ruga ya san butar sihiri. Tamu babba ce, ta ƙarfe mai ruwan zinare, gefenta ya lotsa. Mai riƙe ta shi ne kocinmu, Iwanaga-sensei, wanda muke kira Sensei, wato malam, tsohon malamin makaranta da ya kafa ƙungiyar a lokacin da ake yi wa mace mai wannan wasa dariya. Idan 'yar wasa ta sha karo ta kwanta ba ta motsi, sai ya rugo da buta ya kwarara mata ruwan sanyi a fuska da ƙeya. Ta zabura ta miƙe, 'yan kallo su ɗauki tafi, wasa ya ci gaba. Haka aka yi masa yana saurayi, haka ya yi mana, kuma da ƙauna yake yi. Mu ma mun tafa, ni da hannuna na tafa.

Wasan da garin nan ya fi tunawa da Michiru shi ne na kusa da ƙarshe, shekara goma sha biyar da suka wuce. Ta yi karo kai da kai da wata ƙatuwa, ta zube. Buta ta zo, ta miƙe. Bayan minti biyar ta rungumi ƙwallo, mata uku na rataye a jikinta, ta ja su har bayan layi ta dire. Har yau tsofaffin masunta in sun gan ta a kasuwa sai sun tsayar da ita sun ba ta labarin. Takan yi murmushi ta rusuna. Ba ta tuna komai na ranar. A mota muna dawowa sau huɗu ta tambaye ni wa ya ci, ina ba ta amsa ina dariya. Mako na gaba aka doke mu a wasan ƙarshe.

Ita ta ce sau shida aka zuba mata butar nan a rayuwarta. Mu da muke wurin mun ƙirga goma sha ɗaya.

Daga baya doka ta zo: duk wadda ta bugu a ka, fita za ta yi, likita ya duba ta. Buta ta tashi daga aiki. Amma Sensei bai daina zuwa da ita ba, yakan ajiye ta a gefen benci ya ce ta shan ruwa ce kawai. A wajen lokacin ne Michiru ta fara liƙa takardu a firiji. Ciwon kai ya zama abokin zama, hasken masana'anta ya fara damunta, sunayen mutane suka fara zille mata. Ba ta gaya wa kowa ba sai ni, ni kuma na yi abin da muka saba, na ce gajiya ce.

Bana, ba zato, ƙungiyar ta sake kaiwa wasan ƙarshe na kofin yankinmu. Michiru ta riga ta faɗa cewa shi ne wasanta na ƙarshe, ita ce kuma kyaftin. Mu da muka tsufa muka bar wasa muka cika benci muna kallo. 'Yan wasa goma sha shida muke da su, sha biyar a fili, ɗaya ta gurɗe ƙafa tun kafin hutun rabin lokaci, don haka ba sauran canji. Saura minti goma sha ɗaya muna gaba, sha biyu da goma. Na ga Michiru ta dafa gwiwoyi tana haki, ta ɗaga kai ta dubi teburin da aka ɗora kofin. Ban taɓa ganin ta dube shi ba sai ranar.

Sai Kanna Hisatomi ta faɗi. Kanna ɗalibar aikin jinya ce, shekararta goma sha tara, ita ce mai gudun ƙungiyar, ita ke tsare gefen hagu. Michiru ce ta samo ta a bakin ƙofar asibiti. Kanna ta je tare wata, kanta ya haɗu da gwiwa. Alƙalin wasa yana can yana bin ƙwallo, bai gani ba. Yarinyar ta miƙe, ta yi taku biyu, ta zauna daɓas a ciyawa.

Kafin mu ankara Sensei ya suri buta. Mutum mai shekara saba'in da takwas, amma gudu yake. Wasu tsofaffi a bayanmu har sun fara tafi. Michiru ta riga shi isa, ta durƙusa a gaban yarinyar.

"Kanna-chan, dube ni. Da wa muke wasa?"

"Lafiyata ƙalau, senpai. Ruwa kawai nake so." Senpai muke kiran wadda ta girme mu a ƙungiya.

"Ban tambaye ki lafiya ba. Nawa da nawa ake?"

Kanna ta yi ta kallonta. "Ba yanzu aka fara ba?"

Sensei ya iso yana numfashi sama-sama. "Matsa, Urakawa. Ruwa ne kawai. Ke sau nawa na zuba miki? Ga ki nan tsaye kamar ginshiƙi."

"Ga ni nan tsaye, Sensei," in ji Michiru. "Shekaranjiya na yi minti ashirin a gaban kantin magani da keke a hannu, ina neman hanyar gidanmu."

Tsohon bai sauke butar ba. "Minti goma sha ɗaya ya rage. In ta fita kun zama sha huɗu, kin san abin da zai biyo baya. Kofin nan ba nawa ba ne, naki ne. Shekara ashirin da biyu."

"Na sani. Wannan kam ban manta ba."

Ta sa hannu ɗaya ta toshe bakin butar, ta ɗaga ɗayan ta kira alƙali. Kanna ta kama rigarta tana kuka. "Senpai, na roƙe ki, kar ki fitar da ni. Wasanki na ƙarshe ne fa."

"Nawa ne na ƙarshe, ba naki ba," in ji ta. "Tashi, sarkin kuka, ki kama kafaɗata."

Ita ta rako ta har bakin layi, ta miƙa mini ita, ta koma. Sun riƙe minti tara da mutum goma sha huɗu. Sau uku aka yi turereniya dab da layinmu, sau uku bayan Michiru da na sani ya ƙi motsi. Daga nan 'yan can suka gane, suka yi ta miƙa ƙwallo hannu zuwa hannu har gefen hagu, inda ba kowa. Suka dire, suka ci mu sha biyar da sha biyu. Michiru ta jera 'yan wasanta, suka rusuna wa abokan karawa, suka rusuna wa fili, aka shiga zaure aka ci taliya tare da waɗanda suka doke mu kamar yadda aka saba. Ta cinye kwanonta tas, ta tuƙo mu gida.

Ba zan yi ƙarya in ce likita ya ce da Kanna ta ci gaba da ta mutu ba. Ya ce ƙwaƙwalwa ta girgiza, ta huta mako uku. Wataƙila da an zuba mata ruwan da ta miƙe, an ci kofi, an yi ta tafi, ta zama labarin da masunta za su riƙa bayarwa. Michiru ta san wannan sarai, don ita ce ke zaune a cikin irin wannan labarin shekara goma sha biyar. Wasu a gari sun yi gunaguni, wai ta cika tsoro da ta tsufa. Sensei kuwa ya yi mako uku bai yi mata magana ba. Wannan ya fi rashin kofin yi mata ciwo, don shi ne mutumin da ya fara ce mata jikinta ba abin kunya ba ne.

Ranar Lahadin da ta wuce muka yi mata walimar sallama da rana a ɗakin ƙungiya. Ana cikin ci sai ga Sensei da ƙunshi a hannu. Ya kwance ƙyallen, butar ce, an goge ta tana ƙyalli. Ya ɗora ta a kan murhu, ya zuba ganyen shayi.

"Aikinta ke nan yanzu," ya ce. Sannan ya juya wajen Michiru ya rusuna, irin rusunawar da malami ba ya yi wa ɗalibarsa, ya daɗe bai ɗago ba. "Sau goma sha ɗaya, Urakawa. Ni ma na ƙirga."

"Ɗago, Sensei, bayanka zai riƙe, kuma ni ce zan ɗauke ka," in ji ta. 

Kanna ta matso kusa da ita. "Senpai, ana ta cewa na kama rigarki ina kuka. Ni ban tuna ba. Daga karon nan har na gan ni a benci, babu komai."

Michiru ta ba ta labarin tiryan-tiryan, har da yadda majina ta zubo mata, kowa na dariya. Ban taɓa jin ta ba da labarin wasa a jere haka ba. Da ta gama sai ta ce, "Minti goma kika rasa, na riƙe miki su. Kar ki ƙara kawo mini wata ajiya, ma'ajiyata yoyo take yi."

Mun gode, Michiru. Mun gode da wuyan da kika ba mu, da motar da kika tuƙa, da layin da kika zana. Ki yafe mana tafin da muka yi. Ginshiƙin layin gaba, kin gaji, kuma kin cancanci ki faɗa. Ku kuma masu horarwa, da iyaye, da ku 'yan kallo masu son ganin an miƙe, duk ranar da yarinya ta faɗi ta ce lafiyarta ƙalau, a samu mutum ɗaya da zai durƙusa ya tambaye ta nawa da nawa ake, ko da kofi na kan tebur.

Jiya na biya gidanta na kai mata hotunan walima. Tana neman tabaranta, suna kuwa a kanta. A jikin firiji an cire takardar atisayen Laraba, an liƙa wata sabuwa a gurbinta, da manyan baƙaƙe don kar ta wuce ta: "Asabar, ƙarfe biyu, wasan Kanna."