Taƙi Guda Tsakanin Wurno da Boyekai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Rajab 1375, wadda ta yi daidai da 21 ga Fabrairu 1956, Allah Ya karɓi ran yayana, Malam Halliru Mai Sarƙa, a gidanshi na Wurno, bayan 'yar jinya. Ni ƙanwarshi ce, Uwaliya. Karatun bokona na ajin yaƙi da jahilci ne, sai a yi haƙuri da rubutuna.

Yaya, mutane sun san ka da sarƙar ƙarfe da kake ja bayan Turawan safiyo, kuna awon ƙasa daga Rabah har Goronyo. Mu a gida da dariya munka san ka. In ka komo daga daji, ƙafafu duk faso, ba ka zama sai ka raba wa yara tsarabar ɗinya da magarya, kana kwaikwayon Hausar Bature har ciki ya yi ciwo.

Kai ka fara nuna mani taswira. Na ce ƙarya ce, ƙasa ba ta shiga takarda. Sai ka share rairayi a tsakar gida, ka ce in taka daga rumbu zuwa rijiya. Duk takun da na yi, ka aza faɗin yatsa ɗaya a ƙasa. Haka munka auna ɗaki da madafa da turken jaki, sai ga gidanmu duka ya kwanta a wurin da faifai zai rufe. Ka ce haka taswira take: ana rage ƙasa da awo guda a ko'ina, kuma a gindin takardar ana rubuta yawan ragin da anka yi. A taka taswirar, inci ɗaya mil huɗu ne. Ka ce wanda bai karanta gindin takarda ba, ƙafarshi za ta karanta mashi.

Amma alherinka mafi girma gare ni shi ne na mahaifiyarmu, Goggo, Allah Ya jiƙanta. Da na auri Jelani, makiyayi, na bi shi Boyekai ta ƙasar Goronyo, ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce na bar dangi na tafi bangon duniya, ita kuwa ba ta taka can. Na haifi Turai, ba ta zo suna ba. Yarinya ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ba ta san kakarta ba. Ni ma zuciya ta ɗauke ni na daina zuwa. Goggo kuma tsufa na kama ta, tsorona kar mu rabu a haka.

Matarka Azumi ta ba ni labarin abin da ka yi. Wata safiya bayan kaka, ka shimfiɗa taswira bisa tabarmar Goggo, ka aza babban yatsa a Wurno, manuni a Boyekai, ka ce, "Goggo, dubi inda ɗiyarki take. Taƙi guda."

Goggo ba ta kiran sunanka don kai ne ɗan fari. Ta ce, "Mi kac ce, Mai Sarƙa? Taki guda?"

Ka ce, "Taƙi, Goggo, na hannu. Amma ki saurara, kowane inci a nan..."

Ta ce, "Ka riƙe incinka. Taƙi ko taki, duka guda na. Ashe nan bayan gida yarinyar ga take, anka bar ni ina kwana da ciwon rai? Ɗaura wa jaki akumari, mu tahi mu komo kahin azahar."

Azumi ta ce sau biyu kana nuna mata gindin takardar, tana kore hannunka kamar ƙuda. Ba ka yi mata ƙarya ba, amma ka ɗauki salkar ruwa da fura mai yawa ka ɓoye cikin mangala.

Azahar ta same ku a hanya, la'asar ma haka. Duk gindin tsamiyar da kunka tsaya sai ta ce, "Nawa ya rage cikin taƙin naka?" Kai kuma ka nuna mata a yatsanka, ka ce an wuce gaɓa ta biyu. Ta ce wanda ya zana takardar nan bai taɓa hawan jaki ba.

Rana na shirin faɗuwa ina tatsar nono na ji sallama. Na ɗaga kai, sai ga Goggo bisa jaki, ta riƙe ƙugu, kai kana gefe kana danne dariya. Ƙwaryar ta suɓuce mani. Ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Ina kishiyar tawa?" Turai ta fito daga bayan zanena. Goggo ta ɗauke ta, ta shinshina kanta, ta yi ta kuka tana yi maka faɗa. Wadda ta ce za ta komo kafin azahar, sai da ta yi azumi wurinmu, ta yi salla.

Makon jiya da anka aiko ba ka da lafiya, na taso tun asuba. Na same ka kwance, ka rame, amma da ka gan ni sai ka buɗe yatsu biyu bisa bargo, ka ce, "Uwaliya, taƙi guda ya ɗauke ki wuni?" Munka yi dariya har Azumi ta shigo ta ga ko lafiya.

Yaya, tafiyar da ka yi yanzu babu takardar da ta rubuta awonta. Amma wadda ke tsakanina da iyalinka na san tsawonta, kuma zumunta a ƙafa take. Jelani ya ware mani jaki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Azumi, da 'ya'yanka Abdulƙadiri da Tani, da abokan aikinka, da dukkan mutanen Wurno. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka iyakar ganin ido, Ya sada ka da Goggo a Aljanna, inda babu nisa. Mu kuma Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshe. Amin.