Busasshen Gari a Bakin Ladan

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da fuskokin ɗaliban da na koyar shekara uku cur, amma akwai wata Asabar da na yi na yi ta ƙi fita daga kaina, kuma na san da ita za a kai ni kabari. Ranar ce aka tabbatar wa ƙauyenmu cewa kawuna ɓarawo ne da cokali ɗaya na garin gero, ina tsaye a wurin da iliminna duka.

A lokacin ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Bodinga. Ƙauyenmu yana ƙasar Shagari, gaba kaɗan da Lambara, kuma duk Juma'a da yamma nakan hau mota in tafi gida, biro uku a aljihu, ina jin duk ƙauyen babu kai irin nawa. Kawun nan ƙanen mahaifiyata ne, shi ne ladanin masallacin unguwarmu fiye da shekara ashirin. Ban taɓa ganin mutum mai kunya irinsa ba. Idan mai unguwa ya gaishe shi sai gumi ya keto masa, idan mutum uku suka zuba masa ido sai magana ta sarƙe. Amma da ya juya wa jama'a baya ya fuskanci gabas ya sa yatsu a kunne, muryarsa har fadama ake jinta. Bayan 'yar gonarsa, wannan kiran sallar shi ne duk abin da ya mallaka a duniya.

A jikin masallacin akwai ɗan ɗakin ajiye tabarmi da butoci, mai daɓen siminti. Wani alhaji, babban manomin albasa na ƙauyen, nan yake ajiye irinsa a cikin wani tulu saboda danshi da gara. Iri ne na jar albasa mai ɗan tsawo, wanda ya yi shekaru yana zaɓe yana adanawa, ba ya ba kowa ko ƙwaya. Mabuɗi biyu ne, ɗaya a gidan alhaji, ɗaya a aljihun kawu. Ƙarshen damina, daidai lokacin yafa iri, aka buɗe ɗakin ranar Laraba aka tarar babu tulun.

Mutanen da suka san ranar da kowace akuya ta haihu a ƙauyen, sai ga shi sun kasa zama su yi tambaya uku. A maimakon haka alhaji ya aika aka ɗauko masa wani mai gano ɓarawo. Na gan shi da hantsin Asabar a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, da rawani kamar kwandon kaji, kwalli raɗau, layu har gwiwar hannu, da waya biyu a kan buzu. Daga baya na ji a kasuwar Shagari maganin basir yake tallatawa. Hanyarsa mai sauƙi ce. Zai yi tofi a kan busasshen garin gero, ya ba duk wanda ake zargi cokali ɗaya ya tauna, sannan ya tofar a kan faifai. Wanda nasa ya fito a jiƙe ya kuɓuta. Wanda nasa ya fito a bushe, aljanun garin geron sun kama shi.

Da na ji haka dariya ta kusa ƙwace mini, don a makon nan ma na zana wannan abu da alli a kan allo. A jikin ɗan Adam akwai jijiyoyin da ba sa jiran umarninsa, su ke tafiyar da zuciya da hanji da gumi da yawu, kana barci ko kana farke. Kashi biyu ne. Na farko suna fitowa daga gadon baya, tsakanin ƙirji da ƙugu, aikinsu shirya mutum ya gudu ko ya yi faɗa. Su ke sa zuciya dukan tara-tara, ƙwayar ido ta buɗe, tafin hannu ya jiƙe, ciki ya tsaya da aiki, yawu ya ƙafe ya koma kauri. Na biyu suna fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa da can ƙasan baya, su ne na kwanciyar hankali da cin abinci, su ke sakin yawu daga gaban kunne da ƙarƙashin muƙamuƙi da ƙarƙashin harshe. Babu ɗaya daga cikinsu da ta san sata. Tsoro kawai suka sani. Na ce a raina, bari in bar wannan ɗan damfara ya gama rawarsa sannan in kwance masa zani a gaban kowa.

Mutum bakwai aka jera, duk masu shiga ɗakin. Na farko ƙanen alhaji ne, wani mai faɗin baki da ko a gidan mutuwa sai ya sami abin dariya. Mai rawani ya tarbe shi da wasa, har yana tambayarsa ko ya karya kumallo. Ya amshi cokalin ya tauna kamar yana cin dakuwa, ya tofar da curi jiƙe sharkaf, ya ce, “Malam, babu ƙari? Ko a kawo nono mu dama?” Jama'a suka bushe da dariya. Sauran biyar suka wuce ɗaya bayan ɗaya, wasu da ƙyar, amma sun wuce.

Kawu aka bari ƙarshe, kuma ba a banza ba. Mai rawani ya riga ya tambayi wa ke riƙe da mabuɗi, ya kuma ga wanda ya fi kowa firgita. Ya bar shi a tsaye cikin rana kusan awa guda. Da layi ya zo kansa sai wasa ya ƙare. Ya zagaye shi sau uku yana shinshina, ya tsaya gab da fuskarsa ya daka masa tsawa.

“Kai ad da mabuɗi?”

“Ni... ni na, malam.”

“To in kai kaɗ ɗauka, garin ga shina shaƙe ka nan take. Buɗe baki!”

Ina daga gefe ina karanta jikin kawuna kamar zanen da na yi a allo. Jijiyar wuyansa tana harbawa. Gumi ya jiƙe masa hammata. Leɓɓansa sun yi fari sun manne, sai da ya ɓamɓare su. Aka zuba masa garin, ya yi ta juya muƙamuƙi yana neman yawun da babu shi, idanunsa suka firfito, sai tari ya sarƙe shi. Garin ya fito fuu, fari fat, ya baɗe masa gemu da gaban riga.

Wurin ya ɗauki salati. Dattawan da suka shekara ashirin suna tashi sallar asuba da muryarsa suka shiga girgiza kai, kowa yana cewa dama shi ya daɗe yana lura. Wata tsohuwa daga bayan darni ta ce shiru-shirun nan dama ba na Allah ba ne. Har yau idan na tuna saurin da suka yi wajen yarda, sai in ji raina ya ɓaci.

Nan na kutsa tsakiya, na gyara biro, na ɗaga murya. “Jama'a, wanga ba shaida ba ta! Tsoro na, ba sata ba. Kowa kunka tsorata haka, bakinai bushewa shikai.” Na fara bayanin jijiyoyi da gadon baya, har ina nuna ƙarƙashin haɓata.

Mai rawani bai ko yi fushi ba. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya cika cokali ya miƙo mini yana murmushi. “Madalla da malamin boko. To taho ka amsa. Kai da ba ka ɗauki komi ba, mi kaka tsoro?”

Duk idanun ƙauyen suka dawo kaina. A nan ne na gane bambancin allo da fili. Zuciyata ta shiga bugawa har cikin kunne, tafin hannuna ya yi sanyi ya jiƙe, na taɓa dasashina da harshe na ji shi kamar fatar ganga. Na san sunan kowace jijiya da ke yi mini wannan aiki, na san inda ta fito da inda ta nufa, amma ko ɗigon yawu sanin bai kawo mini ba. Na hango garin yana fita daga bakina fari, na ji ana cewa ashe abin na dangi ne, na hango labarin yana bin motar kasuwa har Bodinga, ɗalibaina suna nuna ni.

Sai na ji bakina ya ce, “Azumi nika yi.”

“Azumin Asabar?” in ji ƙanen alhaji. Aka kwashe da dariya.

Da safiyar nan ni da kawu muka sha koko da ƙosai a kwano ɗaya a zauren mahaifiyata. Amma kawu ya ɗago kai, gari a gemu, muryarsa a shaƙe, ya ce, “Ku bar yaro. Gaskiya tai, azumi shika yi.”

Na ja da baya na shige cikin mutane, da birona uku.

Ba a doke shi ba, ba a kai shi ko'ina ba. Alhaji ya tashi ya gyara malum-malum ya sanar cewa ya yafe saboda Allah, aka yi ta sa masa albarka kamar ya gina asibiti. Mai unguwa dai ya miƙa hannu, kawu ya zaro mabuɗin daga aljihu ya ba shi. Da azahar wani ne ya kira salla, da wata murya kamar ana jan ƙyauren kwano.

Sai ranar Lahadi, a cikin motar komawa Bodinga, an matse ni tsakanin buhun gero da wani mai kaji, abin ya faɗo mini. An sace irin ne tsakanin Litinin da Laraba, kuma duk ƙauyen sun san ina Bodinga a makon. Ba mai iya cewa ni na ɗauka. Da na amshi cokalin nan garin ya fito a bushe, wannan ita ce hujjar da nake ta ɓaɓatun nema, ga mutumin da ba ya gari ma bakinsa ya bushe. Busasshen bakina shi ne shaidar kawuna, ni kuwa na rufe shi da ƙaryar azumi. Na ji kamar in ce wa direba ya tsaya in sauka.

Na koma Juma'ar gaba na bi dattawa ɗaya-ɗaya ina bayani, amma mai rawani ya tafi da garinsa, kuma wa zai saurari mai azumin Asabar? Gaskiya sai da ta jira albasa ta nuna. Da kakar albasa, alhaji ya shiga kasuwar Shagari ya ga jar albasarsa mai tsawo tana leƙowa daga buhunan wani dillali. Ya bi sawu, sawu ya kai shi wata fadama wajen Horo Birni, inda ƙanensa mai neman ƙarin gari ya kama haya a ɓoye ya shuka. Da mabuɗin gidansu ya buɗe ɗakin. Mutumin da bai san kunya ba, ina jijiyarsa za ta sami abin firgita?

Kada ku ɗauka an sake tara jama'a a gindin darbejiya. Ina! Wannan karon sai abin ya zama maganar cikin gida, ba a so a tona. Aka dai aiko mai unguwa ya kawo wa kawu mabuɗi a zaure, ya ce a yi haƙuri, sharrin shaiɗan ne.

Ina nan ranar da ya koma zai kira la'asar. Mutane sun taru fiye da kullum, kowa yana son ya nuna shi dama bai taɓa yarda ba. Kawu ya fuskanci gabas ya sa yatsu a kunne. Da can idan ya juya baya mantawa yake da akwai kowa, yanzu kuwa ya san abin da ke bayansa. Ya yi kabbarar farko, a ta biyu muryar ta tsage ta tsaya. Sai ya sauke hannuwa, ya rataye mabuɗin a ƙusar ƙofa, ya shiga sahu ya zauna. Bai sake kiran salla ba har Allah ya karɓi ransa.

Sau ɗaya na yi ƙarfin halin neman gafararsa. Yana gyaran ƙotar fartanya, bai ko ɗago ba, ya ce, “Ɗana, ƙarya guda niy yi ranar nan, kuma ba bisa iri ba ta. Ita nika roƙon Allah shi gahwarta min. Kai ma ka roƙa.”

Har yanzu ina koyarwa, kuma duk shekara idan muka zo kan waɗannan jijiyoyi nakan shiga aji da garin gero a leda da cokali. Nakan ba su labarin duka, har da azumin, sannan in cika cokalin in zuba a bakina suna kallo. Abin da wannan Asabar ta koya mini shi ne jiki ba ya bambanta mai laifi da mai kunya, don haka duk wanda ya ce zai karanta gaskiya a gumin mutum ko rawar muryarsa, mai kunyar zai kama ya saki tantiri. Ta kuma koya mini cewa tsoro ba zaɓina ba ne, jijiya ce ta kawo shi, amma hannun da ya ƙi amsar cokali nawa ne, yana jin umarnina sarai. Ɗaliban kan yi dariya idan garin ya fito, don shekara da shekaru ke nan bai taɓa fitowa a jiƙe ba.