Tirelar Kawu da Hatimin Kamfani

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya tsufa a kan sitiyarin motocin mutane. Ya yi Legas, ya yi Fatakwal, ya hau duwatsun Jos da lodin siminti har bayansa ya ranƙwafa, amma bai taɓa tuƙa motar da za a ce tasa ce ba. Shi ya sa da ya sauka Guangzhou ta ƙasar China, inda nake aikin tura wa 'yan kasuwarmu kaya, na ga wani farin ciki a fuskarsa da ban san shi da shi ba. Kan tirela ya zo saye, guda ɗaya tak, ya ci abincinsa da ita kafin ƙarfi ya ƙare.

Mun samu mota sabuwa dal. Da aka tayar da ita sai Kawu ya kara kunne jikin inji, ya yamutsa fuska.

"Wannan ai numfashi take yi kamar mai mura. Ina kukan?"

Na ce haka injinan zamani suke. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ɗan China, kai da keke ma sai da na riƙe maka."

A wajen direbobinmu, mota ba ta zama mota sai an gyara ta daidai da hanyarmu. A ƙara mata sifirin saboda lodi, a cire ɗan ƙarfen nan mai daidaita zafin inji tunda wai ƙasarmu da zafinta, sannan a taɓa ƙwaƙwalwarta, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ta riƙa shan mai da yawa don ta ja. Kawu bai ɗauki wannan ɓarna ba, gata ne yake yi wa motar.

Mai kamfanin, wanda muke kira laoban kamar kowane mai shago a garin, ya nuna mana hatimin da ke jikin akwatin ƙwaƙwalwar. Ya ce muddin hatimin na nan, in inji ya samu matsala wakilinsu na Legas zai gyara kyauta, garantin ke nan. In aka taɓa, meiyou, babu. Na fassara wa Kawu kalma da kalma, na maimaita, har na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ƙarshen irin wannan.

Kawu bai yi fushi ba. Cewa ya yi, "Ɗana, ka taɓa jin mota tana ja da baya da kai a kan dutse, da lodi, ga ƙananan motoci cike da mutane a bayanka? In hakan ta faru garanti ne zai turo ni?"



Wani ɗan Maraɗi mai sayen tayoyi ne ya kai shi wani gareji a hanyar Huangpu. Na bi su ina ƙunƙuni. Bakaniken ya fasa hatimin da ɗan sukundireba kamar mai ɓare gyaɗa, ya jona kwamfuta, ya danna abin da zai danna. Da aka sake tayarwa, injin ya yi wani ruri har kwanon rufin garejin ya amsa. Kawu ya yi dariya har da hawaye, ya riƙa ce wa mutumin xiexie, kalmar godiya da ita kaɗai ya iya. A wannan makon aka loda motar a jirgi.

Ta yi aiki wata da watanni. Yana turo mini saƙon murya, in ji iska da ƙarar inji, yana cewa ya wuce wane da wane a hawa ko giya bai sauke ba. Har na fara jin kunyar gardamar da na yi. Damina ba ta fita ba injin ya buga a hanyar Lokoja.

Wakilin Legas ya jona tasa kwamfutar, ta faɗa masa komai. Ni kuma na yi ta sintiri a ofishin kamfanin nan, na yi magiya, na yi faɗa, na sha shayinsu har ya gundure ni. Laoban mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma maganarsa ɗaya ce. Ya ce ba injin da ya sayar mana ba ne ya lalace, wani injin ne daban da muka mai da shi.

Da na je gida na tarar da motar a ƙofar gidan Kawu, an ɗora ta a kan duwatsu don kada tayoyi su mutu. Tsaf take, ya wanke ta, madubai na ƙyalli. Shi kuwa ya koma tuƙa wa wani Alhaji, wanda a haife Kawu zai haife shi. Na zauna a tabarma ina neman abin faɗa.

Shi ya riga ni. Ya ce, "In ka koma ka gaishe mini da laoban ɗin nan. Ka ce masa kada ya ji komai, motarsa ba ta ci amanata ba. Abin da na ce ta yi shi ta yi."

Ya tashi ya ɗauki jakarsa, don da la'asar zai ɗauki lodi zuwa Legas.